Fatawa Kan Ɗanɗana Giyar Rake Da Ake Kira Ram

Tambaya: Wani manomin rake daga fadamun ƙasar Ɗambatta yana neman hukuncin wani abin sha mai duhun launi da ake kira ram, wanda ɗan'uwansa mazaunin Legas ya zo da kwalbarsa, yana cewa daga tsibirin Jamaika aka kawo shi kuma da rake kawai aka yi shi. Shin ya halatta a ɗanɗana don a ji daɗinsa ba tare da an kai ga maye ba, kuma mene ne matsayin raken da mai tambaya yake nomawa?

Amsa: Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, hukunci ba ya tabbata sai an san haƙiƙanin abin da ake tambaya a kansa. Ana yin ram ne galibi da baƙin maɗin da ke saura bayan an cire sukari daga ruwan rake, inda ake tsarma shi da ruwa, a zuba masa yis, a bar shi ya yi kumfa har zaƙinsa ya juye ya zama barasa, sannan a dafa shi a tara tururin da ya tashi, a adana a gangunan katako na shekaru, kuma daga katakon ne, ko daga ƙonannen sukarin da ake ƙara masa, yake samun launinsa da ƙamshinsa. Sana'ar ta kafu a tsibirin Barbados da maƙwabtansa a ƙarni na 17, a gonakin da bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka noma, kuma abin takaici shi ne an riƙa dawo da giyar bakin tekun Afirka ta Yamma ana sayen wasu bayin da ita. Barasar da ke cikin kwalbar ram takan kai kashi 40 cikin 100, wato ta ninka ta burkutu sau da yawa.

Kasancewar asalinsa rake ba ta canza komai, domin illar haramcin giya, wato siffar da shari'a ta rataya hukunci a kanta, ita ce gusar da hankali, ba irin tsiron da aka matse ba. Lokacin da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, wadda ta haramta giya, ta sauka, abin shan mutanen Madina na dabino ne kamar yadda Anas ɗan Malik ya ruwaito, amma sahabbai suka zubar da shi ba tare da sun tsaya tambayar ko na inabi kaɗai ake nufi ba. Haka kuma da Abu Musa al-Ash'ari ya tambayi Manzon Allah kan abin shan Yaman na zuma da na sha'ir, an ba shi amsar da ta game duk mai sa maye. Rake, dawa da gero halal ne, kamar yadda inabi yake halal.

Batun ɗanɗanawa kuwa, Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ya haramta kaɗan daga abin da mai yawansa ke bugarwa, kuma a kansa mazhabar Malikiyya ta tafi, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil. Ra'ayin da aka ruwaito daga Imam Abu Hanifa na sassauci a kan wasu tsime-tsimen da ba na inabi ba ba zai zama mafaka a nan ba, tunda almajirinsa Muhammad ash-Shaibani ya saɓa masa, kuma da maganar almajirin ake fatawa a mazhabarsu. Wanda ya haɗiye ko da kurɓi ɗaya da saninsa da zaɓinsa ya cancanci haddi, wato hukuncin da shari'a ta iyakance, bulala 80, wanda alƙali kaɗai ke zartar da shi bayan iƙirari ko shaidu, ba dangi ko mutanen gari ba. Wanda ya taɓa da harshe ya tofar babu haddi a kansa, amma ya yi saɓo, domin umarnin ayar na nisanta ne, kuma ram najasa ce a Malikiyya, sai ya wanke bakinsa kafin salla. Kwalbar kuma zubar da ita ake yi, ba a sayarwa, ba a bayar da ita kyauta.

Noman rake da sayar da shi a kasuwa da dafa mazarƙwaila duk halal ne, ko da launin mazarƙwailar ya yi kama da na ram. Abin da aka hana, bisa ƙa'idar saddu zari'a, wato toshe hanyar da ke kaiwa ga haram, shi ne a sayar da rake ko maɗi ga wanda aka san giya zai yi da shi, amma ba a ɗora wa manomi binciken niyyar kowane mai saye ba. Sai dai masu matsar rake su lura cewa ruwan da aka bari ya kwana a garwa lokacin zafi yakan fara kumfa da tsami, saboda haka ya kamata a dafa shi ranar da aka matse. Idan ya kai matsayin da mai yawansa zai bugar ya haramta, in kuma ya wuce nan ya zama khal, wato ruwan tsamin da maye ya fita daga cikinsa, ya tsarkaka kuma ya halatta. Allah ne mafi sani.