Ƙaura Zuwa Tsibirin Bioko: Tsakanin Nafaƙa da Tarbiyya

Tun zamanin da jiragen ruwa suke hawowa Binuwai a 'yan makonnin cikar kogi, su sauke gishiri da tufafi a tashar Garwa, su ɗauki gyaɗa da auduga su koma, mutanen wannan gari ba su ɗauki tafiya neman halali a matsayin abin da sai an tambayi malami hukuncinsa ba. Bahaushe ya shigo Adamawa da fatauci, ya zarce Gaundare, ya kafa zango a Yawunde da Duwala. Amma tun da man fetur ya bunƙasa a tekun Gini Ikwatoriya wajen 1996, wata tafiya dabam ta shigo hirar magidanta, ita ce ƙetarawa zuwa tsibirin Bioko, wanda dattawa suka sani da Fernando Po, inda birnin Malabo yake. Mas'alar da ta taso kuwa ita ce: shin ya halatta mutum ya kwashi iyalinsa daga garin da kiran salla yake tashinsa, ya kai su inda samu ya fi yawa, alhali kuwa Musulmi 'yan tsiraru ne?

Wanda ya yi gaggawar haramtawa yana da madogara, domin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin fiƙihu a ƙasarmu ya wuce ta kanta, ta ambaci karhancin fatauci zuwa ƙasar abokan gaba. Wansharisi, wanda ya rasu a 1508, ya wajabta wa Musulmin Andalus fita bayan mulki ya kuɓuce musu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya ba Modibbo Adama tuta, shi ma ya wallafa littafi a kan wajabcin hijira. Sai dai duk wanda ya duba illar waɗannan hukunce-hukunce zai tarar sun ta'allaƙa ne ga tsoron fitina a addini da rashin ikon bayyana shi, ba ga ruwan teku ko launin ƙasa ba. In ba haka ba, yaya za a yi da hijirar farko ta Sahabbai, waɗanda suka ƙetare teku zuwa Habasha, suka zauna cikin aminci ƙarƙashin Najjashi, shi kuwa a lokacin Banasare ne? A Malabo akwai masallatai, ba a hana kowa salla ko azumi ba. Saboda haka, a ganina, asalin tafiyar mubahi ne, nauyin mas'alar yana wani wuri.

Wurin farko shi ne nafaƙa, wadda shari'a ta ɗora wa miji gwargwadon halinsa da al'adar garin da yake zaune. Abin da yake ruɗin mai niyyar tafiya shi ne kuɗin Garwa da na Malabo ɗaya ne, domin Gini Ikwatoriya ta shiga tsarin sefa tun 1985. Da zarar an faɗa masa albashin direba ko magini a can, sai ya auna shi da farashin babbar kasuwar Garwa, ya ga kamar ya yi arziki. Alhali tsibirin, duk da ruwan sama da yake kwarara a kansa mafi yawan shekara, da ƙasa mai albarka wadda Turawan Sifen suka cika da gonakin koko, ba ya ciyar da kansa. Albasar da aka noma a Marwa ko a bakin Binuwai sai ta sha doguwar hanya zuwa Duwala, ta jira jirgi, ta biya kwastan, kowane hannu da ta ratsa ya ɗora ribarsa, kafin ta isa tukunyar uwargida. Gero da dawa kuwa, waɗanda cikinmu ya saba da su, ba amfanin wannan ƙasa ba ne. Naman da ya fi samuwa shi ne kajin ƙanƙara da ake shigowa da su daga ƙetare, waɗanda mai tsantseni ba ya sanin wanda ya yanka su. Sauƙin da Allah Ya yi shi ne kifi, wanda mazhabarmu ta Malikiyya ta yalwata a kansa ƙwarai. In aka haɗa da kuɗin haya da na takardar zama, wadda rashinta ya sha jawo wa baƙi kamu da kora, sai arzikin nan ya zama bai taka kara ya karya ba. Tarihin tsibirin ma yana da gargaɗi, domin dubban leburorin Nijeriya da suka raya gonakin kokon an kwashe su zuwa gida a 1975 da 1976, saboda ƙuncin mulkin Macías Nguema.

Wuri na biyu, wanda ya fi nauyi kuma aka fi gafala da shi, shi ne tarbiyya. Malaman usulu, tun daga Gazali zuwa Shaɗibi, sun ƙididdige larurori biyar da shari'a ta zo domin kiyaye su: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya, akasarinsu suka sanya dukiya a ƙarshe; mu kuwa idan mun zauna lissafin ƙaura da ita muke farawa, sau da yawa kuma a kanta muke tsayawa. Yaron da ya tashi a Yalwa ko wata unguwar Garwa yana jin Hausa a gida, Fillanci a layi, Faransanci a aji, da asuba da yamma kuma yana riƙe da allo a gaban malam. Maƙwabci yana tsawata masa, ladan yana ƙayyade masa lokaci, watan azumi yana zuwa ya tarar da gari duka ya sauya. Duk wannan kamar inuwar darbejiya ne a zafin Afrilu: ba wanda yake biyan kuɗinta, shi ya sa ba a sanin ƙimarta sai an bar ƙarƙashinta. A Malabo karatun gwamnati da Sifaniyanci ake yi, makarantu da yawa masu kyau suna hannun mishan na Katolika, makarantar Faransawa kuma kuɗinta ya fi ƙarfin ɗan ƙwadago. Ba na cikin masu ganin koyon harshen Sifen aibi ne, domin ilmi ne, kuma wanda ya riƙe shi ya sami ƙofar aiki. Abin tsoro shi ne uban da yake fita kafin fitowar rana, ya dawo bayan isha'i, yana zaton Fatiha da alwala za su shiga ɗansa da kansu yadda suka shige shi a gida.

Wasu sukan kauce wa wannan su tafi su kaɗai, su bar iyali a hannun iyaye suna aiko da kuɗi. Wannan ya fi sauƙi ga aljihu, ya kuma tsare karatun yara, amma yana da nasa haƙƙi, domin fuƙaha'u sun ba matar da doguwar rashin miji ta cutar da ita damar kai ƙara gaban alƙali, ko da ciyarwa ba ta yanke ba.

Abin da na rinjayar shi ne: wanda ya sami aiki tabbatacce da takardu ingantattu, ya kuma tabbatar samunsa zai ɗauki abinci da haya da makaranta, har da ladan malamin da zai karantar da 'ya'yansa Alƙur'ani, a ƙidaya shi cikin kuɗin cefane ba cikin sadaka ba, to ya yi istihara ya tafi da iyalinsa, babu laifi. Wanda lissafinsa bai kai ga ladan malamin ba, kada ya ɗauki yaran daga Garwa tukuna. Allah ne Mafi sani.