Talaucin Yara: Ƙaddara Ce Ko Aikin Hannunmu?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, idan yaro ya rame, cikinsa ya kumbura, sai a ce haka Allah Ya ƙaddara. Gaskiya ne, babu abin da ke wakana sai da ikonSa. To amma wannan magana ta sauke mana alhaki?

Rahoton UNICEF da Bankin Duniya na 2023 ya nuna yara miliyan 333 ke cikin matsanancin talauci, fiye da kashi 70 cikin 100 kuwa a Afirka kudu da Sahara suke, akasarinsu ƴaƴan karkara. Wato ɗan manomi shi ne ke kwana da yunwa.

Mu tuna yunwar 2005 a ƙasarmu, bayan fari da fārar 2004. Tamowa ta fi kama yara a Maraɗi da Damagaram, inda ake kira rumbun ƙasa. Hatsi bai yanke a kasuwa ba, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Gona ta tsuke saboda rabon gado. Da kaka manomi ya sayar da hatsinsa da araha don biyan bashi, da damana ya sake sayensa da tsada a hannun wanda ya ɓoye. A lokacin ne zazzaɓin sauro ke kama yaron da aka yaye tun bai isa ba, asibiti kuma da nisa.

Fari daga Allah ne. Ɓoye cimaka fa? Hana zakka fa? Haihuwar yaro a tura shi bara babu mai kula da cinsa fa? Waɗannan za a tambaye mu su ranar hisabi.

Annabi Yusufu, tsira ya tabbata a gare shi, ya san fari na tafe, sai ya tanadi hatsi shekara bakwai. Sayyidina Umar, a Shekarar Toka, ya aika aka kawo abinci. Ba su fi mu jahiltar ƙaddara ba, sun fi mu saninta.

Saboda haka, mai gona ya fitar da ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar, idan ya kai nisabi. Ɗan kasuwa ya ji tsoron Allah. Uba ya sauke haƙƙin ciyarwa. Kowane masallaci ya san gidajen da ba a ɗora tukunya a unguwarsa.

Allah Ya ba mu damana mai albarka, Ya sa mu riƙe amanar ƴaƴanmu. Amin.