Bayan an toshe jijiyar, a ajiye aska

Ɗana, idan mahaifinka ne aka ce yana da sankarar hanta, aka tura ku daga asibitin Batsari ko Safana zuwa Katsina, daga can aka ce sai gaba, zauna ka ji wannan kafin ku sayar da shanu ku kama hanya.

Akwai aikin da likitoci ke kira TACE. Hanta tana samun jini ta hanya biyu: kusan kashi uku cikin huɗu daga babbar jijiyar da ke tasowa daga hanji, sauran daga jijiyar da zuciya ke turowa. Ƙarin sankara kuwa da ta biyun yake rayuwa. Sai likita ya huda matsematsi, ya zura siririyar roba har cikin hanta, ya zuba magani, ya toshe jijiyar, kamar yadda mai lambu ke datse ruwa daga kwami guda. A 2002 bincike biyu, a Basalona da Hon Kon, sun nuna aikin yana jinkirta cutar, amma ba ya tumɓuke ta.

Abin da ke damuna shi ne jinin. Hanta ce ke sarrafa yawancin sinadaran da ke sa jini ya daskare a bakin rauni. Hantar da ciwon hanta nau'in B ya daɗe yana cin ta riga ta gaji, saifa ta kumbura tana riƙe ƙwayoyin da ke toshe rauni. Bayan aikin hantar takan ƙara yin rauni na wasu kwanaki, jini ya yi jinkirin tsayawa. Wani kuma gudan jini ne ke toshe masa babbar jijiyar nan ta hanji, kuma idan ta riga ta toshe likita kan fasa aikin. Shi ya sa ake gwajin daskarewar jini (INR) da ƙirgen ƙwayoyin jini kafin a taɓa shi. Kada ka yi ƙorafin kuɗinsu.

Da kun dawo gida zazzaɓi da amai da ciwon gefen dama za su iya zuwa. Nan ne 'yan dubiya ke kawo shawarwari. Don Allah kada wanzami ya kafa masa ƙaho, kada a yi masa tsaga ko sakiya. Kada ka sayo asfirin ko diklofenak a kemis, suna tsinka jini su ci ciki. Jiƙo da sassaƙe ma a dakata sai likita ya gani.

Ka riƙa duba dasashinsa da wurin hudar. Haɓo mai ƙin tsayawa, bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo, aman jini, idanu su ƙara yin ɗorawa, ko ya fara sambatu: ku tashi zuwa asibiti nan take. Ka san yadda hanyoyinmu na gefen dajin Rugu suke da dare. Idan da hali, ku yi makon farko a gidan dangi cikin Katsina, kuma tun yanzu a gwada jinin 'yan'uwa biyu ko uku da za su iya bayarwa.