Sana'ar da Ubangiji Zai Sa wa Albarka

Karatu: Ayyukan Manzanni 18:1-4

Ɗan'uwa, ka gama makaranta a Rano ko Kibiya, kana zaman jiran aikin gwamnati? Wasu iyaye har gona suke sayarwa don su saya wa ɗansu takardar ɗaukar aiki. Aikin da aka samu da toshiya, da fargaba ake riƙe shi.

Dubi Bulus. Duk iliminsa, a Koranti ɗinkin tanti ya yi tare da Akila da Bilkisu, ran Asabar kuma yana wa'azi. Noma, ɗinki, gyaran waya, duk Ubangiji yakan ɗaukaka mutum ta wurinsu. Nemi bishewar Ruhu Mai Tsarki, ka kama koyon sana'a.

Addu'a: Ya Uba, nuna mini aikin da ka shirya domina, cikin sunan Yesu. Amin.