Ɗana, Yaushe Rabonka Da Sauya Man Birki?

Ɗana, zan yi maka tambaya, kodayake ina jin na san amsar. Yaushe rabonka da a tsiyaye man birkin motarka kakaf a zuba sabo? Baƙin mai kam ba ka wasa da lokacinsa, taya ma in ta suɗe ido na gani. Shi kuwa man birki yana can cikin ɗan kofin roba a ƙarƙashin bonet, sai ya ragu ka ce wa yaron gareji ya ƙara maka, ka kama gabanka. Wannan ƙarin da kake yi, sabo kake zubawa a kan ruɓaɓɓe.

Man da yawancin motocinmu ke amfani da shi, wato DOT 3 da DOT 4, yana da halin zuƙar laima daga iska. Ko motar tana ajiye a rumfa, ruwa na shiga sannu a hankali ta murfin kofin da jikin tiyon roba. A ƙa'idar da aka gindaya wa masu yin sa, sabon DOT 3 bai kamata ya tafasa ba sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Salsiyas, DOT 4 kuwa 230. Idan ruwan da ya sha ya kai wajen kashi 3.7 cikin ɗari, abin da ƙa'idar ta lamunce maka ya sauko zuwa 140 da 155. Shi ya sa kamfanonin mota da dama ke cewa a sauya shi duk bayan shekara 2, ko an yi tafiya ko ba a yi ba.

A cikin gari ba za ka ga alama ba, mota za ta tsaya maka lafiya lau a kowace mahaɗa. Sai ranar da ka loda iyali da kaya, ka taso daga Jos kana gangara Hawan Kibo, ƙafarka a kan birki tun daga sama. Takalman birki su ɗau zafi, zafin ya ratsa zuwa mai, ruwan da ke ciki ya tafasa ya zama tururi. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin ƙafarka ke isa tayoyi. Tururi kuwa matsuwa yake yi. Sai ka taka ka ji kamar auduga ka taka, feda ta kai ƙasa, mota kuma sai ƙara wuta take. In Allah ya yi da sauran kwana, bayan ta huce birkin ya dawo ras, sai ka ji direba yana rantsuwa wai sammu aka yi masa.

Akwai abin da ya fi ruwa muni. Wani bisa kuskure, wani bisa ganganci, ya zuba baƙin mai ko man giya ko man sitiyari a kofin, yana cewa ai mai duk mai ne. Wasu direbobin haya har ruwan omo suke kaɗawa su ɗura idan man birki ya zube musu a hanya, sannan su manta da shi a ciki yana cin ƙarfe. Robobin birki ba su jure man da aka samo daga fetur, kumbura suke su yi laushi. Ka buɗe murfin kofin ka duba robar da ke ƙarƙashinsa: in ta kumbura har ta ƙi komawa mazauninta, to ka sani duk robobin ciki haka suke. A nan wanki kaɗai ba ya isa. Dole a sauya masta, wato famfon da feda ke turawa, da tiyon roba, da robobin da ke ƙafafun motar huɗu, a wanke bututun ƙarfe tas. Kuɗin zai yi maka zafi, na sani, amma kada ka yarda bakanike ya lallashe ka da cewa zai ɗauraye kawai. Haka kuma kada lamba ta ruɗe ka ka sayi DOT 5 kana zaton ya fi kyau. Shi na siliko ne, ba ya haɗuwa da sauran. Abin da aka rubuta a murfin kofin shi za ka saya.

Ranar aikin, ka tsaya a wurin, kada ka ajiye makulli ka tafi shan shayi. A fara zuƙe tsohon man da ke kofi da sirinji, a cika da sabo daga kwalbar da aka ɓalle hancinta a gabanka. Wadda aka buɗe tun bara tana yawo a but ta riga ta sha iska. Galibi ana farawa da ƙafar da ta fi nisa da masta, wato ta baya ta dama, sai dai in littafin motar ya ce wani abu daban. Bakanike zai sa siririn tiyo mai garai-garai a kan ɗan notin fitar da iska, ɗaya bakin a cikin gora. Yaronsa na cikin mota, shi yana ƙasa yana kira: "Taka! Taka! Riƙe!" Ya sassauta notin da sifana, tsohon mai ya feso, ya ɗaure kafin yaron ya ɗaga ƙafa. Haka za a yi ta yi har man ya fito fes, babu duhu babu kumfa, sannan a koma ƙafa ta gaba. Idonka ya kasance a kan kofin, domin da zarar ya ƙafe iska ta shiga, aiki ya koma baya. Wasu motoci masu ABS kuma sai an jona musu kwamfuta kafin tsohon man da ke maƙale ya fita.

Wanda aka tsiyaye ba a mayar da shi. Guba ne, kada a bar shi a gorar lemo inda yara ke wasa, kuma in ya ɗiga a jikin mota a wanke nan take, fenti yake ci.

Kafin ka biya, shiga da kanka ka danne fedar da ƙarfi, ka riƙe ta na ɗan lokaci. In ta tsaya ƙyam, gwada birkin a hankali a cikin layi kafin ka hau titi. In ta yi laushi ko ka ji tana nutsewa, kada ka fita da motar nan, a sake aikin. Allah ya kiyaye hanya.