Naman Barewa Tsakanin Daji da Tukunya

Naman barewa da na gada sun bambanta da naman rago ta fuskar shari'a, domin rago ana kayar da shi a yanka a gaban mutane, alhali dabbar daji takan mutu nesa da gari, a hannun maharbin da babu mai ganinsa sai Allah. Saboda haka malaman fiƙihu suka ware wa farauta hukunci na daban, wanda suke kira aƙaru, wato raunata dabbar da ba a iya kamawa da abu mai kaifi ko da horarren kare, bayan an yi bisimilla, kuma wannan rauni yana tsayawa a matsayin yanka. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ce tushen halaccin abin da kare ya kamo, sai dai idan maharbi ya riski dabbar da sauran ranta, to dole ne ya sa mata wuƙa.

Wahalar tana cikin makami. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya raba tsakanin abin da makami ya huda jikinsa da abin da ya kashe da nauyinsa, wanda shi mushe ne, kuma da bindiga ta bayyana, malaman birnin Fas na baya suka halatta harsashi saboda yana hudawa ya zubar da jini. Kibiya mai dafi kuwa, wadda maharban ƙasar Hausa suka daɗe da sani, Malikawa sun hana cin abin da ta kashe, tunda ba a san ko kaifi ne ya yi kisan ko dafi ba.

Uwargida ba ta ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ke isowa hannunta banda ce baƙa ƙirin, mai ƙanshin hayaƙi, wadda za ta jiƙa a ruwan zafi, ta kankare, ta ɗora da daddawa da citta da masoro, ta bar ta ta daɗe a wuta domin nama ne maras kitse. Hadisin Nana A'isha da ke cikin Buhari, game da naman da ba a san ko an ambaci sunan Allah a kansa ba, ya sauƙaƙa mata, don an umarci mai ci ya yi bisimilla ya ci. Wannan sauƙi bai rage wa maharbi komai ba, hasali ma ya mayar da nauyin duka a wuyansa, shi da ya san abin da ya shafa wa kibiyarsa kafin ya fita da asuba.