Zufa a Figil: Hucin Wuta ko Saƙon Jiki?

Matafiyin da ya taso daga Garwa ya nufi Marwa a watan Afrilu ba ya bukatar allo ya sanar da shi ya iso Figil. Farar ƙura ta ishe shi. Garin yana zaune ne a kan dutsen farar ƙasa da marmara, shi ya sa kamfanin siminti na CIMENCAM ya kafa masana'anta a nan fiye da shekara 50 da suka wuce. A cikin murhun da ake gasa dutsen, zafi yakan kai digiri 1,450. A waje kuma ranar bazara tana haura 40. Don haka idan magidanci ya zauna a majalisa yana fifita da hula, ya ce zufa ta dame shi, amsa ɗaya yake samu: "Haba Malam, wa ya tsira? Sai haƙuri."

Haƙurin nan yana da madogara. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya danganta tsananin zafi da hucin Jahannama, kuma kusan kowane almajiri ya san wannan. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne umarnin da ke cikin hadisin: a jinkirta azahar har rana ta yi sanyi. Malaman Malikiyya, mazhabar da ake bi daga Sakkwato har Adamawa, sun auna jinkirin da inuwa: jama'a su dakata ta ƙaru da rubu'in tsayin mutum, in zafi ya tsananta a ƙara. Mai girbi kuma sun ce ya kwana da niyyar azumi, in wahala ta ci ƙarfinsa ya sha ruwa ya rama daga baya. Haka zancen zazzaɓi: shi ma an jingina shi ga hucin wutar, aka kuma ce a sanyaya shi da ruwa. Sau biyu ke nan ana ambaton wuta, kuma duka biyun abin da ya biyo baya dabara ce ta rage zafi, ba a ce a zauna a naɗe hannu ba.

Shekarar 2024 ta nuna abin da ake gudu. Azumi ya faɗo daga 11 ga Maris zuwa farkon Afrilu, tsakiyar bazara. Ranar 3 ga Afrilu garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ƙirga gawa 102 a kwana huɗun farko na watan. A aikin Hajjin shekarar, sama da mutum 1,300 suka rasu. Jikin ɗan Adam yana riƙe kansa ne a wajen digiri 37, zufa ita ce fankarsa, kuma lebura a rana yana iya zubar da fiye da lita ɗaya cikin awa guda, da gishirinta. Mai haɗarin ma shi ne wanda zufarsa ta ɗauke, fatarsa ta bushe ta yi zafi, ya fara sambatu. Wannan ba tofi yake jira ba, inuwa da ruwa a jiki yake jira, sai asibiti.

Amma akwai wata zufar da ba ruwanta da rana, kuma a nan ne "sai haƙuri" ke yin ɓarna. A Janairu ake gane ta, lokacin da hunturu ya sa mutanen yankin Figil jin ɗumi da asuba, wani kuwa ya farka rigarsa sharkaf. Idan zufar dare ce da tari na fiye da mako biyu da rama, tarin fuka ake fara zargi. Idan da faɗuwar gaba ne da rawar hannu, mutum yana ci yana ƙara ramewa, to ƙullin maƙogwaro da likitoci ke kira tayirod yana iya yin aiki fiye da kima, wani lokaci har da maƙoƙo. Mai ciwon suga yakan jiƙe idan sugansa ya faɗi, abin da mai shan magani yana azumi ya kamata ya sani. Ga zazzaɓin cizon sauro, ga ƙiba, ga fargaba. Macen da ta doshi hamsin, zafi ya riƙa taso mata daga ƙirji zuwa fuska, galibi ɗaukewar al'ada ce, ba iska ba ce kuma ba sammun kishiya ba. Sai kuma tramol, wanda samari ke haɗiya don jure aikin ƙarfi: yana sa zufa, amma ba mai son a ambace shi a gaban dattawa.

Bahaushe yana da suna guda ga rabin waɗannan, wato "zafi." An ce ya taru a ciki, sai a jiƙa tsamiya ko a dafa sabara. Tsamiya ba laifi, ko banza tana kashe ƙishirwa. Laifin yana wajen watannin da ake ɓatawa ana jiƙe-jiƙe, alhali mai tarin yana kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yansa.

Masu cewa ciwo kaffara ne ba su yi ƙarya ba, nassi yana tare da su. Sai dai tsakanin wanda ya san abin da ke damunsa ya jure magani da wanda ya ƙi tambaya ya kira hakan tawakkali, na farkon ya fi kusa da abin da malamai suka karantar, kuma nasa ya fi wuya. Maganin tarin fuka wata 6 ake sha ba fashi, kyauta ne a cibiyoyin gwamnatin Kamaru, kuma da yawa sukan daina da zarar tarin ya lafa. Wanda aka tura Garwa gwajin jini kuwa, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, amma ga mai ɗaukar buhun siminti tana nufin kuɗin mota zuwa da dawowa, da kuma yinin aiki guda da ba wanda zai biya shi.